Lungun da Ba Ya Ɓullewa

A zamanin da Ingila ke neman gajeriyar hanyar zuwa Sin da Indiya, an yi wani mutum a ƙasar Ailan mai suna Arthur Dobbs. Mai dukiya ne, mai gonaki, ɗan majalisa, kuma ma'abocin karatu. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: ya haƙiƙance cewa akwai hanyar ruwa da ta ratsa arewacin nahiyar Amurka, wadda jirgi zai shiga daga Tekun Atlantika ya ɓulla Tekun Fasifik, ya huta da zagayen nan mai cin watanni ta ƙarshen Afirka ko ta ƙarshen Amurka ta Kudu. Ba shi ya fara wannan mafarki ba, don tun kafin a haife shi Turawa ke zuba dukiya da rayuka wajen neman hanyar. Inda ya bambanta da sauran shi ne, shi har ƙofar ya ce ya sani, alhali ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa taka yankin ba.

Ƙofar da yake nufi tana cikin tekun Hudson, wani makeken ruwa da ya kutsa cikin ƙasar da a yau ake kira Kanada, wanda faɗinsa ya fi Nijeriya gaba ɗayanta. Fiye da rabin shekara ƙanƙara ce ke rufe shi. A kusurwarsa ta arewa maso yamma akwai wani zirin ruwa tsakanin babbar ƙasa da tsibirin Southampton, ana ce masa Roes Welcome. Wani matuƙi mai suna Luke Foxe ya shiga wurin a 1631, ya rubuta abin da ya gani game da cikowar teku, kuma a kan wannan rubutu ne Dobbs ya kafa gininsa.

Wanda bai zauna bakin teku ba sai an ɗan yi masa bayani. Sau biyu a rana teku yakan ciko ya hau gaɓa, sannan ya janye, saboda jan da wata ke yi masa. Cikowar daga babban teku take tasowa, ta bi mashigai ta shiga lunguna, kuma a lissafin Dobbs duk nisan da ta yi ƙarfinta raguwa yake. To ga shi an ce a can ƙurya, nesa da Atlantika, ruwa yana cikowa da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Ga kuma manyan dabbobin tekun nan da Turawa ke kira wel ana ganinsu a wurin. Daga ina suke zuwa? Dobbs ya ce ai amsar a fili take: akwai wani babban teku kusa, daga yamma, kuma akwai kafar da ruwansa ke shigowa. Lissafin ya yi kyau a takarda, har ya ci manyan mutane.

Masu iko da yankin a lokacin su ne Kamfanin Hudson, wanda Sarkin Ingila ya ba izinin cinikin wurin shi kaɗai tun 1670. Fatu suke saye daga 'yan ƙasa, musamman fatar wata dabbar ruwa mai suna biba da ake yin huluna da gashinta a Turai. Riba suke ci a natse, ba sa son baƙi, ba sa nuna wa kowa taswirarsu. Kuma sun taɓa ƙonewa: a 1719 wani tsohon gwamnansu, James Knight, ya tafi arewa da jirage biyu neman hanyar da ma'adinai, daga shi har mutanensa babu wanda ya dawo. Da Dobbs ya matsa musu sai suka yi ta jan ƙafa. Shi kuwa ya ɗauki jan ƙafar a matsayin shaida: lallai sun san hanyar, ɓoyewa suke don kada a shigo musu kasuwa.

Sai ya nemi wanda ya san ruwan. Ya samu Christopher Middleton, kyaftin ɗin da ya yi wa kamfanin aiki wajen shekara ashirin yana kai da kawowa tsakanin Landan da tekun Hudson. Middleton ba matuƙi ne kawai ba, mutum ne mai son awo. Yakan rubuta yadda allurar kamfas ke karkata a kowane zango, yakan auna taurari, har ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta karɓe shi a cikinta a 1737. Shi ma a lokacin yana ganin maganar Dobbs tana iya zama gaskiya. Dobbs ya bi manya har ya shawo kan Sir Charles Wager, shugaban Hukumar Sojan Ruwa ta Ingila, aka amince gwamnati ta ba da jirage. A 1741 Middleton ya ajiye aikinsa mai tsoka a kamfani, ya sa kakin sojan ruwa. A riƙe wannan, don za a zo inda ake cewa shi yaron kamfani ne.

Jirage biyu aka ba shi. Furnace jirgin yaƙi ne mai kaurin katako, an ƙera shi don ɗaukar manyan igwa, saboda haka ana sa ran zai jure matsin ƙanƙara. Ɗayan, Discovery, jirgin dakon kwal ne, aka ɗora ɗan'uwan Middleton mai suna William Moor a kansa. Ingila na yaƙi da Sifen a shekarun nan, ƙwararrun ma'aikatan jirgi duk an kwashe su, don haka da yawa daga waɗanda aka zuba masa kamo su aka yi da ƙarfi, ba lafiya, ba tufafin kirki. Suka tashi a watan Yuni, suka isa Churchill, sansanin kamfanin da ke gaɓar yamma, a watan Agusta. Lokacin tafiya arewa ya riga ya ƙure, dole suka zauna cin hunturu a nan.

Irin sanyin da suka sha, Middleton da kansa ya rubuta shi. Ƙanƙara kan taru a jikin bango ta cikin ɗaki, sai an kankare ta da gatari. Barasa kan daskare a kwalba. Sukan gasa dalmar igwa ta ƙarfe har ta yi ja, su rataya a taga ko ɗakin ya ɗan yi ɗumi. Ciwon nan da rashin ɗanyen abinci ke kawowa, wanda ke ruɓar da dasashi ya zubar da haƙora ya karya gaɓoɓi, ya faɗa musu. A yau an san ƙarancin bitamin C ne, a lokacin kuwa barasa ake ƙara ɗura wa marar lafiya. Wasu suka mutu, wasu sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa aka yanke. Da yanayi ya fara sassautawa, sai da suka yi makonni suna saran ƙanƙara kafin su ɓanɓaro jiragen. Duk da haka mutumin bai bar awonsa ba. Takardar da ya rubuta kan wannan sanyi ita ta sa aka ba shi lambar yabo ta Copley, mafi girman abin da masana kimiyyar Ingila ke bayarwa.

A farkon Yulin 1742 suka ɗaga zuwa arewa da ragowar masu iya tsayuwa. Suka shige Roes Welcome, suka wuce inda Turawan da suka riga su suka tsaya. Da suka ga wani tsinin ƙasa ya miƙo cikin ruwa, Middleton ya raɗa masa sunan mai gidansa, ya kira shi Cape Dobbs. Bayan tsinin kuwa sai ga wata kafa ta buɗe ta nufi yamma, daidai inda Dobbs ya ce za a same ta. Ƙanƙara na tunkuɗo su, suka faɗa ciki.

Wurin abin kallo ne. Bakinsa matsattse, ruwa na gudu a cikinsa kamar an kore shi, sai an shige ciki ya buɗe ya yi faɗi da zurfi, duwatsu tsirara a dama da hagu, babu itace ko ɗaya. Tsawonsa daga baki zuwa ƙurya ya kai wajen kilomita 150, kuma tsakanin cikowa da janyewa ruwan kan tashi har mita 8 a wasu wurare. Duk wanda ya shiga da buri a zuciya zai rantse ya samu hanya. Ƙanƙara ta tsare su a ciki kusan mako uku, Middleton bai zauna ba. Ya yi ta aika kwalekwale gaba, wani zubin ƙarƙashin mataimakinsa John Rankin, wani zubin ya tafi da kansa. Abu biyu ya sa a lura da su. Na farko, ta ina cikowar ke zuwa? Aka duba aka sake dubawa, daga gabas take shigowa, ta bakin da suka biyo, ba daga yamma ba. Na biyu, ɗanɗanon ruwan: rahoton da ya samu shi ne, ana ƙara shiga ciki gishirin na raguwa. Ruwan da ke haɗe da wani teku a gaba ba ya salancewa. Middleton ya yanke hukunci cewa wannan ba mashigi ba ne. Abin da mutanen birni ke ce wa lungun da ba ya ɓullewa, shi ne: ka shiga da faɗinsa kana murna, ka ƙare a bangon gidan wani. Ya rubuta shi a taswira da sunan Kogin Wager, don girmama shugaban da ya ba shi jirage. Bai sani ba, tun watan Maris na shekarar Wager ya sauka daga kujerar.

Da ƙanƙara ta sake su a farkon Agusta suka ƙara gaba. Suka kai wani tsini inda gaɓa ta karkata yamma, ruwa ya buɗe, kowa ya ce yau kam an zo ƙarshen Amurka. Middleton ya sa wa tsinin Cape Hope, wato tsinin sa rai. Ba a jima ba suka ga ƙasa ta kewaye su ta ko'ina. Wannan lungu na biyu ya kira shi Repulse, ma'ana inda aka kore mu. Amma tambayar Dobbs tana nan ba a amsa ba: in babu teku a yamma, cikowar nan mai ƙarfi daga ina? Middleton ya sauka ƙasa, ya yi tafiyar ƙafa ya hau wani dogon tudu. Daga can ya hango wani mashigi cunkushe da ƙanƙara ya zagaya ta arewacin tsibirin Southampton ya nufi gabas. Ashe ruwan Atlantika ne ke zagayowa ta bayan tsibirin ya faɗo cikin Roes Welcome daga arewa. Ya sa masa suna Frozen Strait, daskararren mashigi. Da wannan hange guda ya warware abin da ya rikita masana fiye da shekara ɗari.

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labarinsa. Middleton ya ɗauko wasu mutum biyu 'yan ƙabilar Chipewyan daga Churchill don su yi masa jagora. A hanyar komawa, maimakon ya mayar da su inda ya ɗauko su, sai ya sauke su da ɗan ƙaramin kwalekwale a kusa da tsibirin Marble, ɗaruruwan kilomita daga gida, a ƙasar mutanen da su biyun ke jin tsoronsu. Wannan zalunci ne, kuma gaskiyar da ya faɗa kan ruwa ba ta wanke shi daga hakkinsu ba.

A watan Oktoba ya iso Ingila da amsar da ya samo: babu hanya ta nan.

Da farko Dobbs ya yi kamar ya karɓa. Sai ya nemi a ba shi littafin tafiyar, ya zauna a ɗakinsa yana karantawa, yana neman abin da yake so ya gani. Ya ga an ambaci wel a cikin Wager. Ya ga an ambaci faɗi da zurfi. Ya aika wa Middleton cewa ai ka gano hanyar ba ka sani ba, abin da ka kira kogi mashigi ne. Middleton ya amsa cewa shi ya je, ya auna, ba haka ba ne. Ana cikin wannan, a farkon 1743, sai ga wasiƙa ta zo wa Dobbs ba da sunan gaskiya ba, tana cewa kyaftin ya ɓoye abin da aka gano. Daga baya ta bayyana cewa likitan jirgin, Edward Thompson, da akawun jirgin, John Wigate, su ne suka rubuta. Rankin ma ya sauya baki ya bi su. Abin da ya fi ciwo, Moor, ɗan'uwan nasa, shi ma ya koma ɓangaren Dobbs. Aka kai ƙara Hukumar Sojan Ruwa cewa kamfani ya toshe wa Middleton baki da fam 5,000, cewa ya hana a bincika Wager har ƙarshe, cewa daskararren mashigin nan ƙirƙirarsa ya yi don ya samu inda zai ce ruwa na fitowa.

Dubi yadda zargin yake da daɗin haɗiya. Kamfanin da gaske yana da ɓoye-ɓoye. Da gaske ba ya son a gano hanyar. Middleton da gaske tsohon ma'aikacinsu ne, kuma a sansaninsu ya ci hunturu. Kowane guntu gaskiya ne, sai dai jimillar ƙarya ce, don mugun halin kamfani ba ya huda dutse. A ganina Dobbs ba maƙaryaci ba ne irin wanda ya san gaskiya ya take. Ciwonsa ya fi wannan wuyar magani. Ya shekara goma yana gaya wa manya cewa hanya na nan, har maganar ta zama mutuncinsa. Daga ranar da ta zama haka, ba labari ya aiki Middleton ya samo masa ba, shaida ya aike shi nema. Mai aike irin wannan, in ɗan aike ya dawo da “babu”, ba ya tambayar me ka gani, sai dai wa ya saye ka. Kuma bai taɓa rasa masu taya shi ba, domin a kowace tafiya akwai wanda ya ga cewa faɗin abin da babba ke son ji ya fi saurin kai mutum gaba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma a Landan ta 1743 ji ne ke da kujera a majalisa, gani kuwa ɗan kwangila ne.

Hukumar ta saurari ɓangarorin, ba ta kama Middleton da laifi ba, ba ta kuma fito fili ta wanke shi ba. Sai rigima ta koma ɗab'i. Middleton ya buga littafin kare kansa a 1743, Dobbs ya mayar da martani, aka yi ta jifan juna da ƙasidu har shekara biyu, ana jayayya kan ko ruwan da aka ɗebo a kwalba yana da gishiri ko babu. Dobbs ya fi iya alƙalami, ya fi sanin mutane. Aka buga taswira mai nuna Wager a buɗe ta yamma, aka share daskararren mashigin. A 1745 majalisar dokokin Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga duk ɗan ƙasar da ya gano hanyar ta tekun Hudson.

Kuɗi ya kira kuɗi. Dobbs ya tara 'yan kasuwa suka sayi hannun jari na fam 100 kowanne, aka sayi jirage biyu, aka sa wa ɗaya Dobbs Galley, ɗayan California, don a nuna inda ake shirin ɓulla. Moor ne kyaftin na farko, Francis Smith na biyu, likita Thompson ma yana ciki. Suka tashi a 1746, suka ci hunturu kusa da York, wani sansanin kamfanin. Ciwon dasashin nan ya sake kashe mutane. Kyaftin biyun suka yi ta faɗa da juna har sai da James Isham, wakilin kamfanin da ya karɓi baƙuncin Middleton a Churchill shekara biyar baya, ya riƙa shiga tsakani. A bazarar 1747 suka shiga Wager. Suka bar manyan jirage, suka ci gaba da kwalekwale. Can ciki suka tarar da wata matsattsiyar kafa inda ruwa ke zuba da ƙara, in teku ya ciko ya zuba ciki, in ya janye ya juyo ya zuba waje. Suka haye ta da ƙyar, zuciya cike da buri. Bayanta ruwa ya yi ta ƙanƙancewa, ya yi ta salancewa, har ya ƙare a 'yan ƙananan rafuka da ke gangarowa daga tudu. Mutanen da suka rantse a Landan cewa mashigi ne, su ne suka tsaya da ƙafafunsu a ƙarshensa.

Adalci ya sa a faɗi cewa Middleton ma bai cika daidai ba. Wager ba kogi ba ne, hannun teku ne mai tsawo da ƙoramu ke zuba a ƙuryarsa, shi ya sa a yau ake kiransa Wager Bay. Amma a kan abin da aka aike shi dubawa, ko akwai hanya ko babu, bai yi kuskure ba ko kaɗan.

Mai karatu zai so a ce daga nan aka kira Middleton aka ba shi haƙuri. Ba a yi ba. An ba shi wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Shark ya riƙe zuwa 1748, daga nan aka ajiye shi a kan rabin albashi, ba a sake ba shi jirgi ba har ya mutu a 1770. Dobbs kuwa ko gezau. Ya ce to in ba Wager ba ce, wata kafar ce ba a duba da kyau ba. Ya kai ƙarar kamfanin majalisa a 1749, bai yi nasara ba. Bayan 'yan shekaru aka naɗa shi gwamnan North Carolina a Amurka, ya riƙe muƙamin har mutuwarsa a 1765. Wani abin mamaki game da shi: ya taɓa rubuta takarda mai kyau kan yadda ƙudan zuma ke bin furanni, kuma yana cikin Turawan farko da suka ba da bayanin tsiron nan na Carolina mai kama ƙwari da ganyensa. Ashe in ya tsuguna ya duba abu da idonsa, mutum ne mai kaifin lura. Abin da ya fi ƙauna ne kaɗai bai yarda a duba masa ba.

Gaskiyar ta riƙa fitowa a gutsure, bayan masu rigimar sun kwanta dama. A 1771 Samuel Hearne, bisa jagorancin wani shugaban Chipewyan mai suna Matonabbee, ya taka da ƙafa daga Churchill har bakin kogin Coppermine a tekun arewa, bai tsallaka wani mashigin ruwan gishiri a hanya ba. Wannan ya nuna babu wata kafa da ta ratsa nahiyar daga tekun Hudson. Saura daskararren mashigin da aka ce ƙarya ne. A watan Agustan 1821, shekara 79 bayan Middleton ya hange shi daga kan tudu, William Edward Parry ya bi ta cikinsa da jirage biyu, Fury da Hecla, ya faɗa Repulse, ya tarar da wuraren yadda mutumin ya kwatanta.

A nan akwai wani ɗan zare da ya taɓo mu. Kyaftin ɗin Hecla a wannan tafiya, George Lyon, bai daɗe da dawowa daga Murzuk ta ƙasar Fezzan ba, inda ya zauna yana tambayar fatake labarin Barno da ƙasar Hausa da inda Kwara ta nufa. Wanda ke tura waɗannan tafiye-tafiye daga Hukumar Sojan Ruwa, John Barrow, shi ma yana da tasa hanyar da ya haƙa a ka: ya daɗe yana riƙe da cewa Kwara da Nilu a haɗe suke. Sai a 1830 da Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin a kwalekwale har teku maganar ta mutu. Ciwon Dobbs bai mutu tare da shi ba.

Parry ya yi wani abu da na gabansa ba su cika yi ba. Da hunturu ya tsare shi, ya zauna da Inuit, mutanen ƙasar, ya ba su takarda da fensir. Wata mata mai suna Iligliuk ta zana masa gaɓar da ke arewa, kuma zanenta ne ya kai shi ga mashigin da ya sa wa sunan jiragensa a 1822. Shi ma ƙanƙara ta toshe shi. Hanyar da ake nema tana nan, amma can sama sosai cikin tsibiran arewa, kuma ba a ratsa ta da jirgi daga farko har ƙarshe ba sai da Roald Amundsen ɗan Norwe ya yi tsakanin 1903 da 1906 a cikin wani ɗan ƙaramin jirgi, tafiyar shekara uku. Ba irin hanyar da ɗan kasuwar zamanin Dobbs zai ci riba da ita ba ce.

Wato duk shekarun da ake zage-zage a Landan kan ko Wager na ɓullewa, akwai mutanen da amsar ba ta taɓa zame musu abin tambaya ba. Inuit sun yi ɗaruruwan shekaru suna farautar barewar karibu da kamun kifi a gaɓar wannan ruwa. An ƙidaya wuraren tarihi fiye da 500 a kewayensa: da'irar duwatsun da ake danne tanti, rumbunan ajiye nama, tarkunan yanyawa, da duwatsun da ake jerawa su nuna hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunayensu ma daban suke da na baƙin. Baturen jirgi yakan sa wa wuri sunan wanda ya ba shi jirgi, ko sunan abin da ya ji a ransa ran da ya iso. Su kuwa suna sa suna ne don mai zuwa gobe ya san abin da zai samu. Yankin Wager suna ce masa Ukkusiksalik, inda ake samun dutse mai laushi na sassaƙa tukunya da fitilar mai. Repulse kuma Naujaat, inda tsuntsayen teku ke sheƙa.

An kafa yankin Nunavut mai cin gashin kansa, inda duk wuraren nan suke, a 1999. A 2003 gwamnatin Kanada ta mayar da kewayen Wager gandun ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 20,000, da sunan Ukkusiksalik, kuma a 2015 garin Repulse Bay ya koma Naujaat a hukumance. Ruwan kansa har yau Wager ake rubuta masa a taswira, tsinin da ke bakinsa kuma Cape Dobbs. John Rankin, mataimakin da ya sauya baki, sunansa ne a kan Rankin Inlet, garin da a yau yake cibiyar mulkin yankin Kivalliq baki ɗaya.